Shekarar da Aka Dasa wa Burtu Baki

Da za a ba ni dama in cire abu ɗaya daga rayuwata, shekarun da na yi ina sayar da kan burtu zan cire. Na fara da wannan ne domin ku 'ya'yana da jikokina ku daina jin labarin rabi-rabi a bakin mutane. Wasunku sun tashi sun tarar da burtu yana yawo a tsakar gidanmu, baƙi suna zuwa kallonsa, ana cewa ga gidan Malam Idi mai tausayin tsuntsaye. Wannan suna ba nawa ba ne. Ni na karya wa tsuntsun nan baki, ɗiyata Dije ce ta gyara shi, kuma labarinta nake so ya zauna a rubuce tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami.

Ga waɗanda suka girma a gari ba su san shi ba, burtu baƙin tsuntsu ne babba, ya kai talo-talo girma, yana tafiya a ƙasa a hankali shi da matarsa, ba ya tashi sama sai ya ga dole. Namijin yana da jan maƙogwaro, da gashin ido zara-zara, da dogon baki baƙi mai lanƙwasa. Da bakin nan yake komai. Da shi yake tonon ƙasa, da shi yake saran maciji da ƙadangare da ɓera, ya wulla sama ya cafe ya haɗiye. Namun daji ba sa tsoronsa, shi ya sa tun zamanin kakanni maharba suke aron kansa. A busar da kan, a dasa shi a bisa lanƙwasasshen itace, a rufe itacen da fata. Maharbi ya sa baƙar riga, ya ɗaura kan a goshi, ya duƙa cikin ciyawa yana kaɗa shi kamar mai kiwo. Barewa ta ɗago ta ga burtu ne, ta mayar da kanta ƙasa, har mutum ya matso inda kibiya za ta kai.

Babana, Allah ya jiƙansa, maharbi ne a ƙauyenmu da ke tsakanin Maska da hanyar Malumfashi. Kan burtun da ya bar mini shi ma gado ya yi wajen nasa uban. An sha sake fatar wuyan, an sha sake igiyar goshin, amma bakin na asali ne, ya yi santsi yana sheƙi saboda shafar hannu. Duk shekara in an gama girbi aka fita farautar farko ta rani, mai ɗauke da wannan kan shi ke gaba, sauran maharba a bayansa. Haka na tarar, haka kuma na yi ta yi bayan rasuwarsa. Ranar da ya fara ɗaura mini shi a goshi ya faɗa mini magana, ban kuwa manta ta ba ko a lokacin da nake taka ta.

"Kai ɗaya ya ishi gida ɗaya. Burtu ba nama ba ne. Ɗa ɗaya yake raino, shi ma ba kowace damina ba. Wanda ya kashe na biyu ɓarna ya yi."

Abin da ya kai ni ga ɓarnar ba zan mai da shi hujja ba, amma zan faɗa. Taki ya yi tsada, gonarmu ta nesa ta gagara zuwa saboda rashin tsaro, ga iyali. Sai wani mai sayar da kayan maganin gargajiya a kasuwar Funtua ya ja ni gefe ya ce ana neman kan burtu a kudu, in na samo zai saya. Na ce wa kaina sau ɗaya ne. Daga sau ɗayan nan na yi shekaru ina yi, ban kuma faɗa wa kowa ba, ko Kande uwarku. Tana ganin buhu ya shigo ya fita, ba ta tambaya. A hankali kukan burtu na asuba, wannan gum-gum mai fitowa daga ƙirji da manoma ke ji su san gari ya kusa wayewa, ya ɗauke a wajenmu. Ina zaune a dandali ana cewa zamani ne, ana cewa maganin feshi ne, ni ma ina gyaɗa kai.

A bazarar shekarar da nake ba ku labari na gano wasu guda biyu, miji da mata, suna kiwo kusa da wata tsohuwar kuka a gefen fadama. Da zarge na saba kamawa, igiya ta riƙe ƙafa, kan ya zo lafiya ƙalau. Amma na ji ƙishin-ƙishin cewa wani ma ya gan su, sai gaggawa ta sa na ɗauki tarkon ƙarfe na gafiya na ɗana, na sa kwaɗo a kai. Da na dawo na tarar namijin ya kai sara, tarkon ya datse masa baki. Na saman ya tsira, na ƙasan ya karye wajen tsakiya, guntun yana kwance cikin ƙura. Matar tana tsaye can nesa kaɗan tana kallona, ba ta gudu ba. Ban ji tausayi ba a lokacin, haushi na ji, don mai sayen ba ya karɓar kai mai karyayyen baki. Na cusa shi a buhu na ɗaure a bayan babur, na ce ko sauran jikin ya karɓa. A gida na zuba shi cikin tsohon akurkin da ke bayan rumbu, ina jiran ranar kasuwa.

Allah da ikonsa, washegari ake sunan ɗan wan Dije, ita kuma ta zo daga Funtua inda take aure take kuma aiki. Karatun haɗa haƙori ta yi, wato ita ke ƙera haƙoran roba ga wanda nasa suka zube. Gaskiya ban ɗauki aikin da daraja ba a da. Na so ta zama malamar makaranta ko ungozoma, abin da in an tambaye ni zan faɗa ba a yi dariya ba. Abokina Tanko, Bamaguje ne maharbi da ya koyi harbi a hannun babana muka tashi tare, shi ya fi kowa tsokanata da wannan. Yakan ce na haifi maƙeriya mai ƙira a bakin tsofaffi. Ita kuma duk zuwanta sai ta dubi giɓinsa ta ce, Baba Tanko, yaushe za ka zo in rufe maka ƙofar nan, ya ce ta nan iska ke shiga ta sanyaya masa ciki.

Ta zagaya bayan rumbu ɗibar itace, ta ji motsi a akurki, ta leƙa. Ina zaure da baƙi ta zo ta durƙusa a gefe, ta jira har suka ragu, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, tsuntsun nan na bayan rumbu, ka bar mini shi."

Na ce me za ta yi da shi, tsuntsu ba baki ai gawa ne da bai kwanta ba tukuna.

"Ka dai bar mini. Tun da na yi aure ban roƙe ka komai ba."

Sai Kande, da ashe tana bayan labulen zaure, ta sa baki. Ta ce ita dai ta san ana cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, amma wannan ba ta san wa ya karya shi ba balle ta san wa zai ciyar da shi. A ranar na gane shirun da take yi game da buhunan nan ba na rashin sani ba ne. Na ce su ɗauka su yi yadda suka ga dama.

Dije ta buga waya, kafin la'asar wani likitan dabbobi abokin mijinta ya iso a kan babur. Ya wanke ciwon, ya tsayar da jinin, ya yi allura. Ya ce harshen bai taɓu ba, gindin bakin kuma yana da rai, amma ba abin da za a iya ɗorawa sai ciwon ya warke, kafin nan kuma sai an yi masa ɗura. Nan aiki ya fara. Dije ta nannaɗe shi da tsohon zani don kada ya yi duka da fiffike, ta matse shi a cinya, Kande ta buɗe bakin tana tura masa hanta da dafaffen ƙwai har maƙogwaro. Da hutun Dije ya ƙare ta koma bakin aiki, amma kowane ƙarshen mako sai ga ta, mota zuwa Maska, daga nan ɗan acaɓa, ko ana ruwa. Sauran ranakun Kande ce mai ɗura, ni kuma aka ɗora mini neman abinci. Na ari danƙo na riƙa bin katangu ina harbin ƙadangaru, ina bin kududdufi ina kamun kwaɗi. Tanko ya same ni a bayan masallaci na ɗaga danƙo ina auna wani jan gwada.

"Malam Idi, daga barewa an dawo nan? In ka kayar da shi ka aiko mini da cinya, kada ka manta zumunci."

A cikin kwanakin nan na koma gindin kukar nan ba sau ɗaya ba, ina tunanin ko zan ga matar. Ban gan ta ba, ban kuma ji wanda ya ce ya gan ta ba.

Ciwo ya warke, amma tsuntsu sai ramewa yake. Ɗura ba ta karɓe shi ba. Gashinsa ya dushe, jan maƙogwaron ya koɗe, ƙashin ƙirjinsa ya fito kamar wuƙa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne in an sake shi a tsakar gida ya ga fara ta sauka. Sai ya lallaɓa kamar yadda ya saba, ya kai sara daidai, na saman ya sauka a kanta, babu na ƙasan da zai tare. Farar ta yi tsalle ta tafi, shi kuma ya tsaya ya karkata kai yana kallon wurin. Likitan ya gaya mana gaskiya: a haka ba zai ga kaka ba. Ko dai a yi masa baki, ko a yanka shi a huta masa.

Dije ta zo da kayan aikinta a jaka. Likita ya yi masa allurar barci, ta kwaɓa wani abu kamar ƙullu ta danna a guntun bakin, ya daskare ya fito da siffarsa. Ta tafi da shi Funtua, mako na zagayowa ta dawo da baki na roba irin wadda ake haƙori da ita, launinsa kuwa na dasashin mutum. Tanko ya dube shi ya ce to, burtu zai shiga gidan amarya. Ita da likita suka huda ƙananan ƙofofi a guntun, ta ɗaure sabon da siririyar waya mara tsatsa, ta liƙe. Ya farfaɗo, har ya fara ɗaukar yankakken nama da kansa, muka yi ta murna. Ba a jima ba ya hango kansa a madubin babur ɗina. Halin burtu ne, in ya ga inuwarsa sai ya ɗauka wani namiji ne ya shigo masa wuri. Sara ɗaya ya kai, madubi ya tarwatse, bakin roba ya rabe biyu.

Da ta zo na miƙa mata gutsattsarin a cikin faifai. Ta zauna a kan turmi tana jujjuya su. Ta ce in ta yi shi siriri zai sake fashewa, in ta yi shi da kauri nauyi zai ja masa muƙamuƙi ƙasa har ya kasa rufe baki. Abin da ake buƙata abu ne marar nauyi, mai taurin ƙaho, mai lanƙwasa daidai da na saman. Ta ce ta gani a wayarta likitocin wata ƙasa mai nisa suna ɗaukar bakin mataccen tsuntsu su dasa wa ɗan'uwansa mai rai, kuma yana riƙewa. A nan na yi maganar da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Da zuciya ɗaya na yi ta, ina ganin taimako zan yi.

"In dai wannan ne ai da sauƙi. An ce akwai wasu a bayan Mahuta. Ki ba ni 'yan kwanaki in kawo miki."

Ta ɗago ta dube ni. Dije ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Baba, a kashe mai lafiya don a gyara wannan?"

Ta tattara gutsattsarin ta zuba a jaka ta shiga ɗakin uwarta. A gidan nan ta girma, ta san abin da ke rataye a bangon turakata tun tana rarrafe, ta sha duka a kan taɓa shi. Amma ba ta ambace shi ba, ba ta aiko Kande ta ambata ba. Ta koma Funtua ta ce za ta sake gwada robar. Ni kuwa da azahar ɗin nan ana yayyafi na shiga ɗaki na kwanta, idona a kan bango. Na daɗe ina kallonsa. Na tashi na sauko da kan burtun babana na kai akurki, na kara bakin a gefen na tsuntsun. Ya ɗan fi nasa girma, don na tsohon namiji ne, amma lanƙwasar ɗaya ce.

Ban iya yin abin a ɓoye ba, don Tanko yana da hakki a kan nan. Shi ma babana ya ɗaura masa shi a goshi yana saurayi. Na same shi a gonarsa yana noman dawa, na faɗa masa. Ya ajiye fartanya, wasan da ke fuskarsa kullum ya tafi. Ya ce hannun tsoho yana kan abin nan, da hannun uban tsoho, daji ya san shi, ranar da aka sa masa zarto daji zai juya mana baya. Na ce ni ban yarda da wannan ba, ya sani. Ya ce to bar ta daji, mu yi ta mutane.

"Ajiya tsoho ya ba ka, Idi, ba kyauta ba. Na gidanku ne, na duk wanda ya taɓa bin bayansa ne. Don tsuntsu guda za ka yanka?"

Sai na gaya masa abin da bai sani ba, na buhunan nan da mutumin kasuwar Funtua. Na ce shirun da yake ji da asuba ni ne.  Sai ya ɗauki fartanyarsa ya ce in tashi daga kan kunyarsa ina taka masa shuka. Daga ranar ya ɗauke ƙafa daga gidana.

Da Dije ta zo na shimfiɗa kan a gabanta a kan tabarma. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta tambaya ko na tabbata, don in an yanka ba ya komawa. Na ce ta sa alama kawai. Ta gwada, ta sake gwadawa, ta ja layi da biro. Ni na riƙe zarton da kaina, ban yarda wani ya yi ba. Da ya rabu sai na ga cikinsa kamar saƙar zuma, ramuka-ramuka, shi ya sa ba shi da nauyi. Shekara da shekaru ina ɗauke da shi a goshi ban san haka cikinsa yake ba. Ta tafi da guntun ta dafa shi ta jiƙa a magani, ta ce kada tsohuwar cuta ta shiga sabon jiki.

Ranar aikin da hantsi aka yi, a tsakar gida inda haske yake. Muka cire ƙyauren ɗakin girki muka ɗora a kan turame biyu, aka shimfiɗa farin ƙyalle. Likita ya yi allura, ya zauna ta wajen ƙirji yana lura da numfashi, ni aka ba ni riƙon kai. A nan na ga aikin da na raina. Ta kara tsohon bakin a kan guntun, ta cire, ta goga da magagari, ta hure, ta sake karawa. Ta yi haka har na daina lissafi, kowane karo abin da take cirewa bai fi ƙurar gari ba. Ta ƙwaƙule cikinsa ya zama kamar kube, guntun mai rai ya shige ciki ya zauna. Ta huda da wani ɗan inji mai ƙara kamar sauro, tana kauce wa inda jini yake, ta zura waya ta murɗe. Sannan ta kwaɓa garin robar nan mai wari da ruwansa, wannan karon ta sa masa baƙi, ta shafe mahaɗar tun bai daskare ba, tana lailayawa da ɗan yatsa. Gumi yana ɗiga daga haɓarta, Kande tana share mata da gefen mayafi. Hannuna ya gaji ya ɗan karkata.

"Baba, riƙe da kyau. Kada ka motsa sai na ce."

Na ce to. Ban tuna ranar da wani ya ba ni umarni a gidana na ce to ba sai ranar. Da robar ta kama, ta sa wata takarda mai shuɗi tsakanin na sama da na ƙasa ta rufe bakin, ta buɗe. Duk inda shuɗi ya fito ta san nan ne ke tokarewa, ta goge, ta sake rufewa, har bakin ya haɗu tun daga gindi zuwa tsini ba ƙofar da haske zai bi. Ta ce haka take yi wa mutane. Ina kallon yatsunta sai na tuna babana in yana ɗaura wa kibiya kai, yadda yake jujjuya ta a ido yana neman karkatar da kowa bai gani ba. Cikin 'ya'yana maza babu wanda ya ɗauko wannan hannun. Ashe yana wajen wadda nake jin nauyin faɗin sana'arta.

Tsuntsu ya farfaɗo, amma bai ci ba. Sai goga bakin yake a ƙasa da jikin rumbu yana son ya cire. Muka rufe duk wani abu mai sheƙi a gidan, har tulun ruwa muka sa wa faifai. Aka ajiye masa nama ya ƙi kallo, aka koma ɗura. Dije ta roƙi a ƙara mata hutu a wurin aiki, ta zauna. Tana zama a bakin ƙofa tana kallonsa, ba ta cin abin kirki, ni kuma ina zagaye kamar wanda matarsa ke naƙuda. Na riga na yanka kan babana, in wannan bai ci ba na yi biyu babu.

Ana haka wata safiya sai ga Tanko ya shigo har tsakar gida, ba sallama, da gora a hannu an toshe bakinta da tsumma. Bai dube ni ba. Kande ya gaisar, ya ce wa Dije maƙeriya ina aiki. Ya ce ku kuna ba maharbi yankakken nama kamar mara lafiya, ta ina zai ci. Ya cire tsumman ya girgiza gorar, wani ɗan maciji ya faɗo yana neman hanya.

"Mu gani ko bakin tsoho ya manta aikinsa."

Burtu ya miƙe wuya. Ya buɗe fiffike ɗaya, fararen gashin ƙarshensa suka bayyana, ya zagaya macijin a hankali. Sai ya kai sara a ƙeya, ya ɗaga shi ya buga da ƙasa, ya sake bugawa, irin bugun da ya fasa robar farko. Na runtse ido. Da na buɗe ya wulla shi sama ya cafe, wutsiyar tana lilo a gefen baki har ta shige.  Dije ta tashi ta yafa masa zani ta kama shi, ta durƙusa ta latsa mahaɗar ta kowane gefe, ta ja tsinin a hankali.

"Bai motsa ba," in ji ta.

Ta sake shi, ta shiga ɗakin uwarta ta kwanta, ba ta farka ba sai la'asar. Tanko ya rataya gorarsa ya nufi zaure, na bi shi. A bakin ƙofa ya ce kada in ɗauka ya huce, don tsuntsun ya zo, ba don ni ba. Amma da Kande ta aiko da fura ya zauna ya sha.

Abin bai tafi a banza ba, kada in ɓoye muku. Da aka gama girbi maharba suka taru don fitar farko, na je da sauran kan a hannu, baki rabi. Aka duba, aka yi shawara, aka ba wani gida gaba. Tanko bai tsaya mini ba, ya ce daidai aka yi, ni ma na san daidai ne. Na bi a baya cikin samari, ƙurar ƙafar wasu tana shiga mini hanci, a hanyar da ubana da kakana suka yi ta ja. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau in rani ya kama aka buga gangar farauta ina jin sa. Daga shekarar ban sake fita ba. Mutumin kasuwar ya aiko yana tambayar ko lafiya ya ji ni shiru, na ce a gaya masa na bar sana'ar.

Na so mu mayar da tsuntsun daji, Dije da likitan suka ce ba zai yiwu ba. Guntun mai rai yana ci gaba da tsiro kamar farce, yana tura mahaɗar, lokaci-lokaci sai ta yi sako-sako a sake ɗaurewa. A daji ranar da ta kwance yunwa ce za ta kashe shi. Shi ya sa kuka gan shi a gida. In na fita lambu yana biye da ni yana tsintar abin da fartanya ta tono, ɓera kuwa ya ƙaura daga rumbunmu. Duk sa'ad da bakin ya yi motsi in sa shi a kwando in ɗaure a bayan babur mu tafi Funtua, ta gama da masu haƙori sannan ta zo kansa. Ta ce shi kaɗai ne cikin masu zuwa wurinta da bai taɓa cewa abin yana masa ciwo ba.

Yanzu idona ya yi rauni, hawan babur ya fara gagarata, an kuma ce burtu yana da tsawon rai, mai yiwuwa ya ga bayana kafin in ga nasa. Don haka ina roƙonku abu biyu. Duk wanda ya zo muku da maganar sayen kan burtu, komai matsin da kuke ciki, ku sallame shi tun daga zaure. Wanda ke sha'awar harbi a cikinku ya sassaƙa kai da itacen aduwa ya shafa masa baƙi, barewa ba ta bambancewa. Na biyu, in ba na nan kuka ga bakin tsuntsun nan ya fara motsi, kada wani ya ce zai yi masa dabara da waya ko gam. Ku sa shi a kwando, ku rufe da zani, ku kai wa Dije.